Tulun da Ya Daina Ɗaukar Ruwa: Nazari a Kan Ladi Kwali da Cibiyar Tukwane ta Abuja

A shekarar 1950 gwamnatin mulkin mallaka ta Nijeriya ta ɗauki wani Bature maginin tukwane, Michael Cardew, aiki a Sashen Ciniki da Masana'antu, aka ɗora masa nauyin zagaya ƙasa ya duba yadda ake ginin tukwane, ya kawo shawara a kan makomar sana'ar. A cikin wannan rangadi ne ya isa Abuja ta asali, garin da yanzu ake kira Suleja, inda ya ga waɗansu tuluna a gidan Sarki Sulaimanu Barau. Sarkin, wanda tsohon malamin makaranta ne da ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya tara tukwanen matan Gwari ya adana su saboda kyansu, kuma a cikinsu akwai aikin wata mata daga ƙauyen Kwali da ake kira Ladi. Wannan bayani yana da muhimmanci ga duk abin da zai biyo baya, domin yana nuna cewa tun kafin wani baƙo ya sa hannu a lamarin, akwai mai ido a cikin ƙasar da ya riga ya ɗauke tulu daga bakin rafi ya ba shi mazauni a cikin gida a matsayin abin kallo.

A yau sana'ar ƙera kayan adon ɗaki da hannu, bisa buƙatar mai saye, tana ƙara samun karɓuwa a Abuja da Kano da Kaduna da Legas. Akwai kafintocin da ke yin kujera da tebur daidai da faɗin falon mutum, akwai dukawa masu ɗinka tumtum, akwai maƙeran tagulla na Bida, akwai masu sassaƙa ƙofa da masu saƙar labule. Dukansu tambaya ɗaya ke bibiyarsu: idan aka ɗauki abin da kakanni suka ƙera don amfanin yau da kullum aka mai da shi abin ado mai tsada, me ake samu, me ake rasawa, kuma wa ke cin ribar? Lamarin Ladi Kwali shi ne ya fi kowane cikar tarihi a ƙasar nan game da wannan tambaya, saboda an san mafarinsa, an san inda ya bunƙasa, an kuma ga yadda ya ja da baya.

Hannun da ta gada

An haifi Ladi wajejen 1925 a Kwali, a yankin Gbagyi waɗanda Hausawa ke kira Gwari, inda ginin tukwane aikin mata ne da 'ya ke koya a gindin uwa ko gwaggo. Ita a wurin gwaggonta ta koya. Maginiyar Gwari ba ta amfani da faifan da ke juya yumɓu, ita ce take juyawa: takan ajiye curin yumɓu a kan mazauni, ta huda tsakiyarsa da dunƙulen hannu, ta riƙa jawo bangon sama tana zagaya shi, tana ƙara mulmulallun igiyoyin yumɓu har cikin tulun ya buɗe, kafaɗarsa ta rufo, wuya ya tsaya. Babu ma'auni a wannan aiki sai ido da tafin hannu, amma tulun yakan fito a daidaice, bangonsa da kauri ɗaya daga gindi har baki. Idan ya sha iska ya fara tauri, sai a bi shi da zane: a mirgina murɗaɗɗen zare ko ɗan itace mai tsage-tsage a jikinsa don fitar da layuka, sa'an nan a tsaga siffofin kunama da ƙadangare da kada da hawainiya da maciji da kifi da tsuntsu a tsakanin layukan.

Gashin kuwa a fili ake yinsa. A jera tukwane, a lulluɓe su da itace da ciyawa, a cinna wuta, cikin ɗan lokaci an gama, wani lokaci a yayyafa musu ruwan makuba tun suna da zafi don su yi duhu su rage yoyo. Zafin irin wannan wuta galibi ba ya kai digiri 900 a ma'aunin Celsius, saboda haka yumɓun ba ya narkewa ya toshe. Jikin tulun yakan kasance da ƙofofi ƙanana da ido ba ya gani, ruwa yana tsattsafowa ta cikinsu, iska tana busar da shi, wannan bushewa ce ke sanyaya abin da ke ciki. Haka kuma tukunyar da aka gasa ta wannan hanya tana jure harshen wuta a kan murhu ba ta fashe ba, ga ta da rashin nauyi, abin da ke da daraja ƙwarai ga matan Gwari da suke ɗaukar kaya a kafaɗa. Duk abin da ake gani a jikin wannan tulu, daga faɗin ciki har zuwa siririn bango, yana da dalili a cikin aikin da aka yi shi domin sa.

Abin da aka kafa cibiyar domin sa

Cardew, wanda aka haifa a 1901, almajirin Bernard Leach ne, jagoran masu ginin tukwanen hannu a Ingila a ƙarni na ashirin. Kafin ya zo Nijeriya ya yi shekaru a ƙasar Gana ta yanzu, da farko a Alajo ƙarƙashin Kwalejin Achimota daga 1942, daga baya a Vume a bakin kogin Volta, kuma a duka wuraren biyu ya sha wahalar yumɓu da tanderu har bai cim ma abin da ya so ba. Ya zo Nijeriya da darasin wannan wahala. Abin yabo a gare shi shi ne hukuncin da ya yanke bayan rangadinsa, cewa tukwanen gargajiya na ƙasar nan ba sa bukatar gyaran kowa, domin sun dace da aikinsu fiye da duk abin da masana'anta za ta kawo, suna kuma da arha. Shawararsa ita ce a bar maginan gargajiya da aikinsu, a kafa wata sana'a dabam a gefe, ta tangaran mai ƙyalli da ake gasawa da zafi mai tsanani, don biyan bukatar ma'aikata da 'yan boko da attajirai da suka fara shan shayi da cin abinci a kan tebur, waɗanda har zuwa lokacin kofi da faranti sai an kawo musu daga waje.

An zaɓi Abuja a 1951, aka buɗe Cibiyar Koyar da Ginin Tukwane a watan Afrilu na 1952. Garin yana da itacen wuta, yana da ruwa, akwai yumɓu mai kyau a kusa, ga goyon bayan Sarki. Abin da ba shi da shi shi ne layin dogo da babbar kasuwa, kuma wannan rashi ya bi cibiyar har ƙarshenta, domin tangaran abu ne mai nauyi mai saurin fashewa a kan hanyar da ba ta da kwalta. An gina rumfunan aiki da ƙasa da jinka kamar sauran gidajen gari, aka gina tanderu mai cin itace, aka shiga neman duwatsu da farar ƙasa da toka a cikin ƙasa don haɗa ruwan ƙyalli, wato garin da ake shafa wa tukunya ya narke a wuta ya zama siririn gilashi a jikinta. Ɗaliban farko duk maza ne, galibi daga garuruwan Arewa, aka koya musu faifan juyi da haɗa yumɓu da lura da wuta, da nufin su koma garuruwansu su buɗe nasu wuraren. An gwada hakan a Kano da Sakkwato, amma rassan ba su yi ƙarko ba. Abin da cibiyar ke fitarwa a shekarun farko shi ne butocin shayi da kofuna da kwanonin miya da kwalaben mai masu murfin murɗawa, ana buga wa kowanne hatimin da aka rubuta Abuja da haruffan Larabci, tare da alamar wanda ya gina.

Tulu a cikin tanderu

Ladi ta shiga cibiyar a ƙarshen 1954, ita ce mace ta farko. Ta koyi faifan juyi, ta ƙware a kansa, ta yi faranti da kwano da kofi, tana tsaga musu zanenta. Amma abin da ya ɗaukaka sunanta da na cibiyar duka shi ne shawarar da aka yanke ta barin ta ta ci gaba da gina manyan tuluna da hannu kamar yadda ta gada, sai dai da yumɓun cibiya, a gasa su a tanderun cibiya. Bayan ta tsaga zanen, sai a cusa farar ƙasa a cikin tsagar, a goge saura, a shafe tulun da ruwan ƙyalli mai barin ido ya ga abin da ke ƙarƙashinsa, a gasa shi da zafin da ya haura digiri 1,200. Sakamakon ya zama tulu mai duhun kore ko ruwan ƙasa mai sheƙi, da fararen siffofin dabbobi suna bayyana daga ƙarƙashin ƙyallin. Siffar ta Kwali ce, zanen na Kwali ne, jikin kuwa na wata sana'a ce da ta taso daga Sin da Japan ta biyo ta Ingila.

A nan ne zuciyar lamarin take, kuma ya kamata a tsaya a kansa sosai. A irin wannan zafi yumɓu yana narkewa ya haɗe, ƙofofin jikinsa su toshe, ƙyallin kuma ya ƙara rufe shi. Tulun ba zai ƙara tsattsafo ba, saboda haka ba zai sanyaya ruwa ba. Ya yi nauyin da ba mai ɗaukarsa zuwa rafi. Idan aka aza irin wannan jiki a kan murhu, tsagewa zai yi. Kuɗinsa kuma ya wuce abin da matar ƙauye za ta biya, tunda ya ci itace mai yawa, ya ci kwanakin ma'aikata da dama, kuma kowane gashi yana tafe da kasadar babban tulu ya tsage a cikin wuta aikin makonni ya tafi a banza. Duk dalilan da suka haifi siffar tulun an cire su, siffar kaɗai ta rage. Abin da ya fito daga tanderun ba shi da aiki sai a ajiye shi a kusurwar falo, ko a kan teburi, ko a bayan gilashi, a kalle shi.

Akwai masu ganin wannan a matsayin ɓarna, suna cewa an raba abu da ransa don a faranta wa baƙi. Ban yarda da wannan hukunci gaba ɗaya ba, kuma dalilina yana cikin tulunan kansu. Wanda ya kalli aikin Ladi na shekarun 1960 zai ga hannu ne da ya sami sarari: zanen ya ƙara faɗi, dabbobin sun ƙara rai, rabon fili tsakanin layi da siffa ya zama na wadda ta san cewa yanzu ido ne zai yi hulɗa da aikinta. Tulun gargajiya yana yin 'yan shekaru ya fashe a maye gurbinsa, sunan maginiyarsa ya tafi tare da shi, na tanderu kuwa yana iya wuce shekara ɗari da haruffan LK, wato farkon sunanta, a gindinsa. Mata da yawa a ƙasar Gwari sun yi gini mai kyau a zamaninta da kafin zamaninta, amma ita ce aka sani a duniya, kuma babban dalili shi ne aikinta ya sami jiki mai ƙarko da hatimi mai suna. Abin da ya sa gamin ya yi kyau, a ganina, shi ne ba a taɓa abin da ta fi kowa iyawa ba. Ba a zana mata siffa a takarda aka ce ta kwaikwaya ba, ba a ce ta rage girma ko ta sauya dabbobinta da furannin Turai ba. Sabuwar fasahar ce aka sa ta yi wa tsohon hannu hidima. Inda masu sukar ke da gaskiya shi ne a batun kasuwa, kuma can ne cibiyar ta yi tuntuɓe.

Wa ya saya

An nuna tukwanen Abuja a Berkeley Galleries da ke Landan a 1958 da 1959 da 1962, kuma tulunan Ladi ne suka fi jan hankali. A 1962 ta je Ingila da kanta ta yi gini a gaban ɗalibai da malaman fasaha, a 1972 ta zagaya Amurka tare da Cardew da Kofi Athey, maginin Gana da ya biyo shi Abuja, tana nuna yadda ake tayar da tulu ba tare da faifai ba. Ta sami lambar girmamawa ta MBE daga Birtaniya, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977 ita da ba ta yi karatun boko ba, ta sami lambar yabo ta ƙasa ta masu hazaƙa a 1980, da lambar girmamawa ta ƙasa ta OON a 1981. Nasararta ta buɗe wa waɗansu mata ƙofa a cibiyar, irin su Halima Audu da Asibi Ido da Lami Toto da Kande Ushafa. A 1974 wata ɗaliba 'yar Kenya, Magdalene Odundo, wadda yanzu tana cikin manyan maginan duniya, ta zo Abuja ta koyi ginin hannu a wurin Ladi da abokan aikinta.

Sai dai a cikin gida, masu sayen kayan cibiyar galibi Turawan da ke aiki a ƙasar ne, da jakadu, da ƙalilan daga manyan 'yan Nijeriya. Ma'aikacin da aka kafa cibiyar domin teburinsa ya ci gaba da sayen kwanon langa da tasar alminiyom da tangaran na kanti, saboda sun fi arha, sun fi sauƙin ɗauka, wasunsu ma ba sa fashewa. Wurin da aka kafa don ya rage dogaro da kayan waje ya wayi gari yana dogaro da masu saye na waje.

Abin da ya sa wannan ya fi ba da takaici shi ne gidan Bahaushe ba baƙo ba ne ga ajiye mazubi don kallo. Jeren ɗakin amarya ya daɗe yana kan wannan: daga ƙore masu zane, zuwa tasoshin tagulla, zuwa kwalla da fanteka da samira da ake ɗorawa har kusa da rufi, zuwa tangaran a cikin kabet mai gilashi. Akwai kasuwar adon ɗaki, babba kuwa, kuma iyaye suna kashe mata dukiya mai yawa. Amma ma'aunin jere shi ne yawa da daidaito da walƙiya, saiti ake saye, kowane ya yi kama da ɗan'uwansa, a ga ƙoƙarin iyaye da dangi. Tulu guda mai duhu, mai nauyi, wanda darajarsa ita ce ba shi da na biyu, bai shiga wannan lissafi ba, balle kuma ga mai kallo na gida ya yi kama da abin da ake saye da kwabbai a kasuwar ƙauye. Ana iya ƙarawa da cewa siffofin dabbobi ba kowane gidan Musulmi zai so su a ɗakinsa ba. Kayan da cibiyar ta tsara an tsara su ne bisa teburin cin abinci irin na Turai, ba bisa ɗakin da matan Kano da Zariya da Sakkwato ke shiryawa ba, alhali can kuɗin adon yake. A ganina wannan ne babban giɓin shirin: an yi binciken duwatsu da yumɓu da toka da matuƙar kulawa, amma ba a yi wa ɗakin mai saye irin wannan binciken ba.

Akwai kuma batun rabon riba. Ladi ma'aikaciyar cibiyar gwamnati ce mai albashi, tukwanen da ta gina kayan cibiya ne. Ta sami suna da girma da tafiye-tafiye, wannan ba a musu. Amma tulunan da yanzu ake gwanjonsu a Landan da dubban fam suna zagayawa ne tsakanin masu tarawa da dillalai, ƙarin darajar da shekaru suka yi musu ba ta komawa Kwali ko Suleja.

Bayan tafiyar masu kafawa

Cardew ya bar Abuja a 1965, Michael O'Brien ya karɓi ragamar har 1972. Daga nan cibiyar ta bi sauye-sauyen mulki, daga gwamnatin Jihar Arewa zuwa Jihar Arewa maso Yamma, zuwa Jihar Neja a 1976, shekarar da aka yanke shawarar gina sabon babban birni da ya karɓe sunan Abuja. An sa wa cibiyar sunan Ladi a farkon shekarun 1980, ita kuma ta rasu a Minna ranar 12 ga Agusta 1984. Daga lokacin aikin ya yi ta raguwa, saboda irin wannan sana'a ba hannun magini kaɗai take bukata ba. Tana bukatar mai niƙa dutse, da mai gwada ruwan ƙyalli, da mai kwana a bakin tanderu yana karanta launin wuta, da motar kai kaya, da wanda ya san inda mai saye yake. A wurin da ma'aikatar gwamnati ce ke riƙe da duk waɗannan, da zarar kasafin kuɗi ya tsuke ko shugaba mai kishin abin ya tafi, sai sarƙar ta tsinke, ko da maginan suna nan da ƙwarewarsu.

Abin da ya rayu ya rayu ne a hannun ɗaiɗaikun mutane. Danlami Aliyu, wanda ya yi horo a Abuja, ya kafa wurinsa na Al Habib a Minna, kuma tare da ɗan'uwansa Umaru Aliyu da taimakon O'Brien aka kafa wurin tukwane na Maraba kusa da Kaduna a tsakiyar shekarun 1980. Akwai na Bwari da na Ushafa a yankin babban birni. Waɗannan ƙananan wurare ne da dole su sayar kafin su ci, don haka dole su saurari mai saye. Ita kuwa Ladi, an sa sunanta a titi da zauren taro a Abuja, hotonta yana bayan takardar naira 20 da aka fitar a 2007, kuma a 2022 an sake nuna aikinta a wani babban baje koli a Landan. Girmamawar ta isa, amma hoton da ke kan kuɗi bai hura wuta a tanderun Suleja ba.

Abin da ya shafi masu sana'a a yau

Kafintan da aka ce ya yi wa otel kujera irin ta Nufawa, mai ƙafafu da yawa da ake sassaƙa daga gungume guda, yana tsaye ne a inda Ladi ta tsaya a 1954. Kujerar asali gajera ce, an yi ta don zaman tsakar gida, mai otel kuwa yana son ta da tsayi da sheƙi, ta kuma jure sanyin na'ura ba ta tsage ba. Dole a sauya wani abu: a busar da katako yadda ya kamata, a sauya man shafawa, wataƙila a ƙara tsayi. Haka baduku mai tumtum zai bukaci jima da ba ta wari da rini da ba ya zuba a jikin tufa. Lamarin Abuja yana nuna cewa irin wannan sauyi ba ya kashe aiki muddin ya tsaya a kan jiki da ƙarko, aka bar siffa da zane a hannun wanda ya gaje su. Aiki yana lalacewa ne idan mai tsara ɗaki ya ɗauko hoto daga intanet ya miƙa wa gwani ya ce ya kwafa, domin a nan an sayi ƙarfinsa an zubar da iliminsa, kuma masana'antar waje za ta yi kwafin da arha fiye da shi.

Batun suna ma ba ƙarami ba ne. Mafi yawan kujeru da ƙofofi da fatun da ake sayarwa a shagunan ado na manyan birane suna ɗauke da sunan shago ne, wanda ya sassaƙa ko ya ɗinka ba a san shi ba, saboda haka ba ya iya ƙara farashi ko da hannunsa ya fi na kowa, kuma mai sayen da aikin ya burge ba shi da hanyar komawa gare shi. Ɗan hatimin da ake bugawa a gindin tukwanen Abuja bai ci ko kwabo ba, amma shi ne ya sa yau ake iya bambance aikin Ladi da na Halima Audu da na Bawa Ushafa, a ba kowa haƙƙinsa. Duk mai ba da kwangilar kayan hannu zai iya sa wannan a cikin sharuɗɗa, kuma duk mai sana'a yana da ikon nema.

Sauran abin da ya rage shi ne mai saye na gida, wanda rashinsa ya durƙusar da cibiyar. Gidajen gwamnati da majalisu da jami'o'i da bankuna da manyan otel-otel na Arewa suna sabunta kayan ofis da na masauki lokaci-lokaci, kuma kaso mai yawa na waɗannan kujeru da tebura da tukwanen furanni daga Turkiyya da Sin da Dubai ake kawo su. Da za a ware ko da zauren karɓar baƙi ne kaɗai a irin waɗannan gine-gine a ba masu aikin hannu na yankin, da kwangilar da ta ba su lokacin busar da katako da gwajin wuta, ta kuma biya wani kaso tun farko don sayen kayan aiki, da wurare irin na Maraba da Bwari da Ushafa sun sami cinikin da zai riƙe ma'aikata shekara guda cur, su ɗauki almajirai. Akwai kuma bukatar jihohin Neja da Kaduna da hukumar babban birni su riƙa sayen fitattun ayyukan maginan da ke raye suna ajiyewa inda jama'a za su gani, domin da yawa daga cikin manyan tulunan Ladi suna gidajen tarihi irin su Victoria and Albert a Landan da Smithsonian a Washington, ko a ɗakunan masu tarawa na ƙasashen waje, kuma yarinyar da ke koyon gini a Kwali a yau ta fi samun damar ganinsu a allon waya fiye da ta zagaya ɗaya ta duba kaurin bakinsa da idonta.